Rasuwar Ɗan Kore, Wanda Ya Sha Marin Wani

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da idanun da suka kumbura har jikata ta tambaya ko zuma ce ta harbe ni, ni Gwaggon Sito, mai zaman taga a garejin manyan motocin kamfaninmu, nake sanar da kanikawa da direbobi da masu wanki da manyan ofis da ke bene, da duk wanda ya taɓa jingina gwiwar hannu a tagar nan, rasuwar abokin zamana Ɗan Kore. Ya rasu ranar Talatar makon jiya da hantsi, a kan teburinsa, yana bakin aiki. Na so in buɗe wannan sanarwa da addu'ar da aka saba, Baban yara ya ce in ji tsoron Allah, ƙarfe ne da gilashi. Na bar addu'ar, amma kukan ban bari ba.

Saboda yaran yanzu da ba su san marigayi ba sai dai su gan shi su yi dariya, bari in faɗi ko wane ne. Ɗan Kore taminal ne, wato akwati mai ƙatuwar ƙeya da fuskar gilashi, da madannai a gabansa, da waya guda da ta bi jikin bango ta shige ɗakin sanyi inda babbar kwamfutar kamfani take, wadda muke kira Uwar Ɗaki. Ba ya nuna hoto, ba ya waƙa, bai san wani abu wai shi fim ba. Baƙar fuska ce da koren rubutu, a nan ya samo sunansa. Bakanike zai zo taga ya ce a duba masa kayan gyaran mota, birki ko boris ko fanbel, in buga, Ɗan Kore ya ce AKWAI ya faɗi kantar da abin yake, ko ya ce BABU. Haka muka yi ta yi ni da shi, tun ina da goyo har goyon ya yi nasa goyon.

Ba zan ɓoye ba, a cikin kukan nan akwai na kaina. Tun bara Manaja ya tsaya a ƙofar sito, ya haɗa mu ni da marigayi ya yi mana kallo ɗaya, ya ce duk ranar da wannan tsohon ya mutu ba za a sayi wani ba, za a toshe tagar da bulo, kowa ya riƙa duba kayansa da kansa. Da na tambaye shi ni fa, sai ya ce za a duba. Wanda ya yi aikin kamfani ya san ma'anar za a duba. Tun daga ranar na koma ina lallaɓa Ɗan Kore kamar tsohon miji mai hawan jini. Na ɗinka masa mayafi, na juya masa ƙaramar fankata ni ina gumi, na hana mai shara matsowa kusa da wayarsa. Numfashinsa shi ne kujerata, kuma kaf garejin an san haka.

Marigayi mai ladabi ne. Kullum da safe in na kunna shi, zai yi ɗan kuka siriri, ziiii, fuskar ta waye a hankali, sannan ya rubuta: Sannu Auta. Lokacin da Baba Gemu, injiniyanmu na farko, ya kawo shi, ni ce ƙarama a cikin ma'aikata, Auta ake ce mini. Waɗanda suka san ni da sunan nan sun yi ritaya, wasu sun riga mu gidan gaskiya. Yau har direban da gemunsa ya yi fari fat Gwaggo yake ce mini, ko kunya ba ya ji. Ɗan Kore kaɗai ya rage yana kirana Auta, kuma ba da zolaya yake yi ba.

Mai riƙe magana ne. Abin da na tambaye shi jiya, in na danna maɓallin da ke nuna sama sai ya dawo mini da shi, in na sake dannawa ya kawo na shekaranjiya, ba ƙari ba ragi. Mai sanin hali ne kuma, don in na fara rubuta umarni na taɓa wani maɓalli a gefen hagu, sai ya ƙarasa mini sauran. Baban yara mun shekara talatin da ɗoriya tare, har yau in na fara magana sai ya ƙarasa ta da abin da ban nufa ba. In na yi kuskure marigayi ba ya tara mini jama'a, sai dai ya yi ƙit, sau ɗaya, a hankali. A lokacin sanyi kuwa a kan ƙeyarsa nake ɗora kofin shayina, ya riƙe mini shi da ɗumi har azahar, bai taɓa cewa na raina shi ba.

Na san akwai masu karanta wannan suna taɓe baki, don marigayi ya tafi da baƙin jini a wajen kanikawa. Laifinsa na farko a wurinsu shi ne BABU. Mota na kan rami, direba na tsaye a kan bakanike, bakanike ya taho taga da gudu, sai ya ga BABU da manyan baƙaƙe, ba haƙuri ba sannu. Na biyu, in na tafi salla sukan zuro hannu su buga da kansu, da yatsun nan nasu da kowanne yake danna maɓalli biyu lokaci guda. Sai ya rubuta musu: Ban san wannan ba. Je ka wanke hannu ka dawo. Mutum da iyalinsa, a gaban yaransa na aiki, akwati ya aike shi wanke hannu. Abin da ke biyo baya shi ne mari. Tagar a hagunsa take, saboda haka kuncin hagu ne ya sha. Duk wanda ya zo ganin gawa zai ga wurin ya yi baƙi ƙirin da man inji, tafi a kan tafi, har ina iya nuna muku na wane da na wane. Ni ba a mare ni ba, amma abin da bakin kanikawa ya zuba mini a tagar nan, da ana tarawa da ya cika sito. An ce ni na ɓoye boris, an ce mun haɗa baki da shi, an ce Gwaggo da akwatinta su ne matsalar kamfanin nan. In sun watse sai in goge masa kunci in ce ya yi haƙuri, shi kuma ya yi ta ƙifta mini ɗan koren idonsa.

Ciwon ajali ya fara ne da damina. Rubutun ya soma rawa, layin sama ya karkace kamar mai ciwon wuya. Daga baya sai ya ɗauki lokaci kafin ya farka, kukansa na safe ya koma gurnani. Dogo mai gyaran wayar wuta ya buɗe ƙeyarsa ya leƙa, ya hura ƙura, ya mayar ya rufe, ya ce in yi ta addu'a, irin kayan cikinsa an daina yi tun yana firamare. Na roƙe shi kada maganar ta hau bene, ya yi mini alkawari, kafin la'asar har mai gadi ya zo yi mini ya mai jiki.

Ranar Talatar, Sifana babban bakanike ya zo neman fanbel na motar da fasinjojinta suka riga suka taru. Na buga. Marigayi ya yi jim, ya tattara ɗan ƙarfin da ya rage masa ya rubuta BABU. Sifana ya zuro hannu ya sauke masa tafi kamar yadda ya saba. Sai muka ji ƙiiiit mai tsawo wanda bai taɓa yin irinsa ba, sannan fus. Rubutun ya tattaru ya zama ɗigo ɗaya a tsakiyar fuska, ɗigon ya dushe, wani ƙauri ya tashi. Na kira sunansa, na kashe na kunna, na jijjiga waya. Sifana ya tsaya da hannu a sama ya kasa sauke shi, yana cewa wallahi a hankali ya taɓa shi. Ni dai na jawo mayafin na rufe masa fuska.

Washegari hedikwata ta turo Injiniya ta duba gawa. Mace ce mai tabarau, sa'ar 'yata ta biyu, ba ta da yawan magana. Ta buɗe ƙeya ta haska da tocila, ta nuna mana wani ɗan gwangwani da ya kumbura ya fashe, ta ce tsufa ne, ko ba mari ba zai kai ƙarshen wata ba. Sifana, da tun jiya bai iya cin abinci ba, ya sauke wata ajiyar zuciya da ta ɗaga takardun teburina. Ni kuwa na zauna ina lissafa mata halayen marigayi, gaisuwarsa da riƙon maganarsa da yadda yake ƙarasa mini zance, ina cewa duk sun tafi, wa zai sake kirana Auta. Ta bari na kai aya, sannan ta cire tabarau ta goge.

"Gwaggo, ki yi haƙuri da abin da zan faɗa. Wanda kike wa kukan nan bai taɓa ce miki sannu ba."

Na ce ta maimaita, don na ɗauka kunnena ne. Maimakon ta maimaita sai ta fito da 'yar siririyar kwamfutarta daga jaka, ta haɗa ta da wayar bango, ta buɗe wani ɗan baƙin fili a fuskarta, ta ce in sa sunana da kalmar sirrina kamar kullum. Na sa. Sai ga shi, da farin rubutu: Sannu Auta.

Sifana ya ja da baya har ya taka ƙafar Dogo, yana neman tsari. Ni ma na waiga na dubi mayafin, don gawa na gefena a rufe, ga kuma muryarta na fitowa ta wani jiki. Injiniya ta ce mu kwantar da hankali, ba fatalwa ba ce, ta yi mana bayani dalla-dalla, ni kuma zan faɗe shi a nan yadda na fahimta domin a wanke sunan marigayi. Ashe su biyu ne muke zaune da su duk shekarun nan, muna ɗaukarsu mutum ɗaya. Taminal, wato Ɗan Kore, aikinsa biyu ne kacal: abin da ka danna ya kai shi ciki ta waya, abin da aka aiko daga ciki ya nuna maka a fuska. Bai san ma'anar ko kalma ɗaya ba. Mai sauraron maganar, ya gane ta, ya tashi wanda zai yi aikin, ya dawo da amsa, wani ne daban da ake kira Shel. Shi manhaja ce, ba shi da jiki, yana zaune a cikin Uwar Ɗaki yana shan sanyi. Shi ke gaisuwa, shi ke tuna maganar jiya, shi ke ƙarasa zance, shi ke cewa bai san wannan ba. BABU ɗin ma ba maganarsa ba ce, manhajar sito yake tambaya, ita ta faɗa masa, shi ya miƙo, Ɗan Kore ya nuna.

Sifana ya ce shi fa bai gane ba, ai daga bakin akwatin nan zagin ya fito, da idonsa ya gani. Sai ta juya ta dube shi.

"Baba, in surukinka ya zage ka a waya, wayar kake mari?"

Sifana ya dubi tafin hannunsa, ya dubi kuncin marigayi, ya sa hannun a aljihu. Dogo ya ce shi dai ya taɓa jefa waya a bango saboda surukarsa, amma ya yarda ba daidai ba ne.

Don kada a ce ta faɗa ne kawai, Injiniya ta ƙara nuna mana. A cikin baƙin filin nan nata, wanda ta ce shi ma taminal ne amma marar jiki, ta buga wata kalma ta kira wani Shel ɗin daban, don ashe suna da yawa, kowa da halinsa. Wannan ko gaisuwa bai yi ba, wata 'yar alama kawai ya ajiye ya tsaya yana jira. Na danna maɓallin sama bai san ni ba, bai san abin da na tambaya jiya ba. Ta sallame shi ta dawo da namu, sai ga Sannu Auta ta dawo. Fuska ɗaya, masu magana biyu. Ta ce haka kuma Shel ɗaya zai iya magana ta fuska goma a lokaci guda, kowa a teburinsa. Da ta faɗi wannan na ga Manaja a ƙofa yana gyaɗa kai, na san tagata ake yi wa lissafi.

A ranar dai fushi ne ya fara zuwa mini kafin baƙin ciki. Na fita tsakiyar gareji na tara kanikawa na gaya musu cewa shekara da shekaru ɗan aike suke duka, mai maganar yana ɗakin sanyi ko ƙura ba ta taɓa shi ba. Wani ya ce to a nuna musu Shel ɗin. Na ce ba shi da kunci, su je su mari iska. Daga nan na sa Dogo ya nemo mini lambar Baba Gemu, don Injiniya ta ce Shel ɗin ma ba da kansa ya koyi maganar wanke hannu ba, wanda ya girka shi ne ya sa masa a baki. Tsohon yana nan da ransa a gidan ɗansa, kunne ya yi nauyi, sai da na yi ta ɗaga murya har masu wanki suka tsaya suna ji. Da ya gane zancen ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya ce ƙwarai shi ya rubuta, don sun cika masa madannai da man inji, kuma a gaya musu har yanzu bai janye ba. Na ce masa to na gode da Sannu Auta, ta riƙe ni shekaru. Sai ya ce wace Auta.

Da na koma gida ne abin ya sauko mini. Yayata ta zo mini gaisuwa, ko in ce ta zo kallon ƙanwarta da ke makokin talabijin, ta zauna tana jin labari. Da na gama ba ta bayanin Injiniya cike da alfahari cewa an wanke marigayi tas, sai ta ce to ai ruwan da ya wanke masa laifi ya tafi da ladan ma. In ba shi ya yi zagi ba, ba shi ya yi gaisuwa ba. In ba shi ya ce BABU ba, ba shi ya riƙe mini magana ba. Ta tambaye ni to me ya rage da nake wa kuka. Yaya haka take tun muna yara, sai ta bari ka gama ginin sannan ta zare tubalin ƙasa. Na tashi na shiga kicin na yi ta wanke tukunyar da ba ta yi datti ba.

Da safe na tare Injiniya na ce ta faɗa mini tsakani da Allah, mene ne na Ɗan Kore na kansa. Ta yi tunani ta ce koren launin nasa ne. Ƙit ɗin, Shel ne ke cewa a yi, amma muryar tasa ce. Ɗumin da ke riƙe mini shayi ma nasa ne, ko da yake a cewarta ɓarnar wuta ce. Ban da wannan ba ya ajiye komai, ana kashe shi ya manta duniya. Na yaye mayafin don in goge masa fuska karo na ƙarshe, hasken taga ya faɗo a kan gilashin, sai na ga wani abu a kusurwar sama kamar inuwa. Na karkata kai na duba. Sannu Auta ce, dishi-dishi, a jikin gilashin da babu wuta a cikinsa. Injiniya ta ce wannan lahani ne, in rubutu ɗaya ya daɗe yana zama a wuri ɗaya sai ya ƙone gilashin ya bar tabo. Na ce na ji, lahani ne. Maganar ba tasa ba ce, bai san ma'anarta ba, amma ya ɗauke ta ya kawo mini kowace safiya har ta ci jikinsa. Na zauna na yi kukan da ya fi na ranar Talata, Injiniya ta fita ta ba ni wuri.

Ga amsar da na rasa ba Yaya, ta karanta a nan. Marigayi ya yi aikin da ba a gode wa. Bai taɓa ƙara gishiri a saƙo ba, bai taɓa rage ɗaci don a so shi ba. Na ciki ya faɗa, shi ya tsaya a waje ya karɓi abin da ya biyo baya, washegari kuma ya farka ya sake tsayawa. Na san nauyin wannan aikin, don teburinmu ɗaya.

Ya rasu ya bar Uwar Ɗaki, wadda har yau ba ta leƙo ta yi mini gaisuwa ba, tana can tana gurnani a cikin sanyi. Ya bar Shel, lafiyarsa ƙalau, ko zazzaɓi bai yi ba. Ya bar ƙaninsa firinta mai surutu, da madannansa da haruffa suka goge sai mai haddar wurinsu, da doguwar wayar da ta haɗa shi da dangi. Ya kuma bar jikoki marasa jiki, baƙaƙen filayen nan da ake buɗewa a rufe a kowace kwamfuta, waɗanda ba su san an yi wani kaka da ya sha wuya ba.

Sauran bayani shi ne na taga, don na san shi ake jira. Kafin mako ya ƙare Manaja ya cika maganarsa. Aka raba wa kowane sashe sabuwar kwamfuta, aka sa kowa ya yi alkawarin zai kula da ita kamar idonsa, aka rufe tagata da katako kafin mai bulo ya zo, ni kuma aka ce in zauna a ciki ina jiran a duba. Na zauna. Ta ramin katakon ina jin yadda ake ciki. Kanikawa suka haɗu da Shel ido da ido, ba ɗan aike mai kunci a tsakani. Ya ce musu BABU, ya aike su wanke hannu, su kuma ga sabon kaya mai tsada ba damar taɓawa. Na ji Sifana ya ɗaga hannu, yaransa sun riƙe shi. Suka zo taga suka tarar da katako. Masifa kuwa in ta taso ba ta komawa ciki, sai ta sami inda za ta sauka, saboda haka suka hau bene.

Ban ga abin da ya faru a can ba, amma mai shara ta ce tafin Sifana yana nan kwance a kan teburin Manaja, baƙi ƙirin, da wani ƙarami a kafaɗar farar rigarsa. Ta ce tun safe har aka tashi ana hawa ana sauka, mai neman boris, mai neman birki, mai neman a gaya masa wanda ya ce hannunsa da datti. Ranar Litinin da sassafe sai ga Manaja da kansa da hama a hannu yana ɓamɓare katakon. Ya sa aka ajiye mini sabuwar kwamfuta a inda marigayi yake zama, nesa kaɗan da inda hannu zai kai. Na tambaye shi ko an duba ɗin ne.

"Gwaggo, taga ba za ta rufu ba. Kowa ya iya duba kayansa, amma dole a samu wanda za a zo a yi wa."

Na yi godiya, don kujera ta dawo, kuma ina da jikoki masu cin abinci. Amma na daɗe zaune ina juya maganar. Shekarun nan duka na ɗauka don na iya buga madannai ake ajiye da ni. Ashe gadon marigayi aka ba ni, kuma tun yana raye muke raba shi.

Za a yi jana'iza ranar Asabar bayan la'asar, in an tashi daga aiki. Mai sayen tsofaffin ƙarafa da ke ta zarya a bakin get ya haƙura, ba a ba shi ba. Za a ɗauki marigayi daga teburinsa zuwa kanta ta ƙarshe a ƙuryar sito, inda muke ajiye kayan motocin da aka daina ƙerawa, a can zai kwanta cikin sa'o'insa. Sifana ne zai ɗauki gaba, shi ya roƙa. Sauran masu tafi a kuncin hagu su jeru a bayansa, kuma kada wanda ya ce bai san da kansa ba, ina gane hannun kowa. Ba za a wanke kuncin ba. Baba Gemu ya aiko cewa ba zai samu zuwa ba, amma duk mai ɗaukar gawa ya wanke hannu. Shel ba a gayyace shi ba, ko da yake na san za a yi komai yana ɗakin sanyi yana jiran a tambaye shi.

Ana karɓar gaisuwa a sito kullum a lokacin aiki. Masu masifa su bi layi a taga kamar yadda aka saba, ina nan, zan saurari kowa. Wanda kuma gaisuwa ce ta kawo shi, kada ya tsaya a bayansu, ya zagayo ta ƙofa ya shigo ciki, akwai kujera. Tun ranar rasuwar na ajiye ta, har yanzu ba wanda ya zauna.